Daga Sarki Mai Kambi Zuwa Uwa Mai Hawaye: Yadda Sassaƙar Kirista Ta Koyi Kuka

A watan Yunin 2025 mutanen birnin Sevilla na ƙasar Sifen, wanda yawancinmu muka sani ta hanyar ƙwallo, suka tashi da wata rigima da ta ba na nesa mamaki. Akwai wani mutum-mutumin katako na Maryamu da suke kira Macarena, wanda ya haura shekara 300 a garin. Aka ɗauke shi na 'yan kwanaki domin gyara. Da aka dawo da shi coci, masu ziyara suka ga an sa masa gashin ido mai tsawo, kallon ya sauya, fuskar ba ita ba ce. Mata suka fashe da kuka a bakin ƙofa, jama'a suka taru suna neman shugabannin ƙungiyar da ke kula da shi su yi murabus, ƙungiyar kuma ta fito ta ba da haƙuri.

Wanda ya ga labarin a waya daga Kano ko Maraɗi zai iya cewa ai gunki ne, ya wuce. Amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa gashin ido ya isa ya tayar da gari? Ta yaya addinin da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana gudun sassaƙa, wanda da ya fara yinta ma fuskokin ba sa dariya ba sa kuka, ya wayi gari yana liƙa wa katako hawayen gilashi?

Kafin a yi nisa

A Musulunci sassaƙa siffar annabi haramun ce, kuma Alƙur'ani a sura ta 4 aya ta 157 ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Kiristoci kuwa sun yi imani an gicciye Yesu, ya mutu, ya tashi, kuma a kan wannan addininsu ya tsaya. Wannan rubutu ba hukunci ya zo yankewa ba. Tarihin wata sana'a ce da abin da ya riƙa juya ta.

Su kansu Kiristocin bakinsu bai zo ɗaya ba. Shiga majami'ar ECWA ko COCIN ko EYN, abin da za ka gani gicciye ne tsirara, babu kowa a kansa, domin suna kafa hujja da doka ta biyu cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:4. Shiga cocin Katolika a Kaduna ko Jos, za ka tarar da jiki a kan gicciyen, da siffar Maryamu a gefe, da alluna 14 jere a bango masu nuna tafiyar Yesu zuwa wurin gicciyewa. Ɗan Katolika zai ce maka ba ya bauta wa katako, girmamawar tana wucewa ne zuwa ga wanda aka siffanta. Wannan bambanci tsakanin maƙwabta biyu a unguwa ɗaya, tushensa yana cikin labarin da ke tafe.

Siffofin ibada a wannan labari iri biyu ne. Idan an ce siffar ibada ta gargajiya, ana nufin wadda aikinta shi ne ta sanar da kai wane ne wannan da girman matsayinsa, ka sunkuyar da kai. Ta biyun kuwa so take ta taɓa maka zuciya, ka ji tausayi, ko tsoro, ko nadama. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka ta farkon ce ta addini, ta biyun kuma fasaha ce kawai da ta ƙwace daga hannun malamai. A'a. Jin ciwon ne da kansa aka mayar ibada.

Lokacin da gicciye abin kunya ne

Kiristocin farko sun rayu ne a daular Rum, inda kowace mararraba akwai gunkin wani ubangiji ko na sarki. Mutum-mutumi a wurinsu alamar maguzanci ce, kuma ƙin yi masa hadaya ya sa an kashe da yawansu. Don haka suka tsaya ga alamu: kifi, kurciya, makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa. Shi kuwa gicciye, hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, mutuwar wulaƙanci. Ba wanda ke son ya zana shugabansa a haka.

Ko bayan da sarki Constantine ya halatta addinin a shekarar 313, sai da aka ƙara fiye da shekara 100 kafin a fara ganin gicciyewa a sassaƙe. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa tana jikin ƙofar katako ta cocin Santa Sabina a Rum, wajen shekarar 430. Yesu yana tsaye tsakanin ɓarayi biyu, hannuwa a buɗe, idanu a buɗe, kamar mai addu'a. Babu alamar yana jin zafi.

A gabashin daular, wato Kustantiniya, rigimar hotuna ta kai ga fashe-fashe daga shekarar 726 har zuwa 843, da ɗan hutu a tsakani. Babban taron Nicaea na 787 ya halatta girmama hotuna, amma cocin gabas ya zauna a kan zane shimfiɗaɗɗe, ya bar sassaƙa mai jiki. Har yau haka za ka gani a cocin Girka da Rasha, da na Kibɗawan Masar da na Habasha. Labarin sassaƙa na yammacin Turai ne, inda Fafaroma Gregory, wajen shekarar 600, ya rubuta wa wani bishop da ya farfasa hotuna a Marseille cewa hoto shi ne littafin wanda bai iya karatu ba. Gani ya kori ji ke nan.

Sarki da kujerarsa

Da sassaƙa ta dawo a yamma, da sarauta ta dawo. A garin Lucca na Italiya akwai wani gicciye da bincike ya nuna katakonsa na ƙarni na 8 ko na 9 ne. Yesu yana sanye da doguwar riga har idon sawu, idanu a buɗe, jiki a miƙe. Ba a rataye yake ba, tsaye yake. A wasu wuraren har kambin zinariya ake sa masa. Saƙon shi ne ya ci nasara a kan mutuwa da Shaiɗan, gicciyen kuma gadon sarautarsa ne.

Maryamu ma haka. A siffofin ƙarni na 11 da na 12 tana zaune ƙyam, bayanta a miƙe, yaron yana kan cinyarta da fuskar dattijo, yana ɗaga hannu yana sa albarka. Ba ta kallonsa, ba ya kallonta. Bahaushe zai ce kunyar ɗan fari take yi. Amma dalilin daban ne: ita kujera ce, shi ne sarkin da ke kai, kuma sunan da suka ba wannan salo ma ke nan, Kursiyyin Hikima.

Wasu za su ce ai masassaƙan lokacin ba su ƙware ba ne shi ya sa fuskokin suka sandare. Ban yarda ba. Mutanen da suka iya lulluɓe siffar waliyyiya Foy ta garin Conques da zinariya da duwatsu masu daraja ba hannu suka rasa ba. Sarki a fada ba ya yawan motsi, ba ya washe baki, wani lokaci ma amawali ya rufe masa rabin fuska. Kwarjini ake nema, kuma an same shi. Har wani malami, Bernard na Angers, da ya fara ganin irin waɗannan siffofi a kudancin Faransa wajen shekarar 1013, ya rubuta cewa sun yi masa kama da gumakan Rumawa, kafin daga baya ya sauya ra'ayi.

Gicciyen da ya rufe ido

A babban cocin Kolon da ke Jamus akwai wani gicciye da ake dangantawa da Akbishop Gero, an sassaƙa shi wajen shekarar 970. Tsawon jikin santimita 187 ne, wato daidai dogon mutum. Tsaya a gabansa ka duba. Kan ya faɗo kan ƙirji. Idanu a rufe, baki ya ɗan saki, gefensa ya ja ƙasa. Nauyin jiki ya ja hannuwa har jijiyoyin kafaɗa da ƙirji sun miƙe kamar igiyar guga, ciki ya turo gaba, gwiwoyi sun karkace gefe. Wannan ba sarki ba ne a tsaye. Gawa ce.

Shi ne mafi tsufa cikin manyan gicciyen da suka rage a arewacin Turai masu nuna Yesu a mace. Bai sauya komai dare ɗaya ba, don an ci gaba da sassaƙa mai kambi har kusan shekara 200 bayansa. Amma ƙofa ta buɗe.

Me ya tura ta?

Da fari tunanin malamai ne ya motsa. Anselm, Akbishop na Canterbury da ya rasu a 1109, ya bayyana gicciye a matsayin biyan bashi: ɗan Adam ne ya yi laifi, don haka wanda zai biya sai ya zama mutum na gaske, mai jini da tsoka, mai jin zafi. Da zarar an karɓi wannan, ciwon ya daina zama abin ɓoyewa, ya zama shi ne hujjar. Bernard na Clairvaux, wanda ya rasu a 1153, ya riƙa wa'azin a kusanci Yesu ta hanyar ƙauna da tuna raunukansa. Abin dariya, shi Bernard ɗin ba ya son ƙawa a gidajen zuhudu, har ya taɓa yin ba'a ga dodannin da ake sassaƙawa a ginshiƙai. Bai san wa'azinsa zai ba masassaƙa aikin shekara 500 ba.

Sai Francis na Assisi ya fito da abin daga ɗakin karatu zuwa kasuwa. A Kirsimetin 1223, a ƙauyen Greccio, ya sa aka kawo sa da jaki da komin ciyawa, domin talakawa su ga irin wurin da aka haifi Yesu da idonsu. Shekara guda bayan haka mabiyansa suka ce raunukan gicciye sun bayyana a jikinsa. Almajiransa suka bazu a biranen da ke bunƙasa, suna wa'azi da harshen gari maimakon Latin, suna ce wa mutane: ka ɗauka kana wurin, ka ji ƙarar guduma, ka dubi fuskar uwar.

Masassaƙa suka bi. A ƙarni na 13 ƙusoshi huɗu suka koma uku: maimakon ƙafafu biyu a jere kamar mai tsayuwa, aka ɗora ɗaya kan ɗaya aka soke da ƙusa guda, abin da ya tilasta jiki ya murɗe. Kambin zinariya ya ba kambin ƙaya wuri, musamman bayan da sarkin Faransa Louis na 9 ya kawo abin da aka yi imani shi ne ainihin kambin ƙayar zuwa Faris a 1239. A cocin Naumburg, wajen 1250, aka sassaƙa Maryamu da almajiri Yohanna a gefen ƙofa suna kuka, suna juyowa wajen mai shigowa kamar za su riƙe masa riga.

Ana yawan cewa Baƙar Annoba ce ta jawo duk wannan, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai tsakanin 1347 da 1351. Lissafin bai fita ba. Gicciyen nan mai rassa kamar bishiya na cocin Santa Maria im Kapitol a Kolon, wanda haƙarƙarinsa duk a waje suke, jiki duk miki, an yi shi a farkon shekarun 1300, kusan shekara 40 kafin annobar. Abin da annoba da yunwar 1315 suka yi shi ne sun samar wa salon masu kallo da suka san gawa da idonsu.

Kuma tun a lokacin akwai masu cewa an wuce gona da iri. A 1306 bishop na Landan, Ralph Baldock, ya ba da umarni a cire wani gicciye da wani Bajamushe ya sassaƙa wa wani ƙaramin coci a birnin, yana kiransa abin ban tsoro, alhali jama'a na tururuwa zuwa wurinsa. Talakawa na so, hukuma na ɗari-ɗari. Za a sake ganin haka sau da yawa.

Uwa da gawar ɗanta

Babu inda Linjila ta ce Maryamu ta rungumi gawar Yesu a cinyarta. Yohanna 19:25 cewa kawai ya yi tana tsaye kusa da gicciyen. Ambrose, bishop na Milan a ƙarni na 4, har ya ce ya karanta tana tsaye, bai karanta tana kuka ba. Amma wajen shekarar 1300, a yankunan Jamus, musamman a gidajen mata masu zuhudu, aka fara sassaƙa wannan zama da babu shi a nassi. Daga baya Italiyawa suka sa masa suna Pietà, wato tausayi.

Akwai guda a gidan tarihi na birnin Bonn da ake kira Pietà ta Röttgen, ta katako, ba ta kai mita guda ba. Jikin ɗan ya ƙanƙance ya bushe, kansa ya fi ƙarfin wuyansa ya karye baya, ƙayoyin kambin dogaye kamar ƙusa. Jini yana fitowa daga raunuka a dunƙule kamar nonon inabi. Amma fuskar uwar ce abin kallo. Ba haƙuri a cikinta, ba natsuwa. Baki a karkace, goshi a tattare, kamar wadda aka yi wa fashi tana neman wanda za ta tambaya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan ita ce matar da shekara 150 kafin nan take zaune kamar kujera.

A ganina nan ne ainihin juyin ya faru. A da, mai ibada talaka ne a gaban sarki. Yanzu macen da ta binne 'ya'ya uku tana iya durƙusawa gaban wata uwa da ta san abin da ta sani.

Italiya ba ta bi layi ɗaya ba

Donatello ya sassaƙa Maryamu Magadaliya, ɗaya daga cikin matan da suka bi Yesu, da katako a tsakiyar ƙarni na 15: tsohuwa ramammiya, haƙora sun zube, idanu sun faɗa, gashinta ne suturarta. An ruwaito cewa abokinsa Brunelleschi ya taɓa duba wani gicciye da ya yi ya ce masa baƙauye ka rataye. A Bologna, Niccolò dell'Arca ya gina mutum shida da gasasshen yumɓu, irin kayan da aka yi kawunan Nok da shi, suna kewaye da gawa. Ɗaya daga cikin matan ta shigo a guje, mayafi na tashi a bayanta, baki a wangale tana kururuwa.

Sai ga Michelangelo, yana ɗan shekara 24, ya kammala tasa Pietà a 1499 da farin dutsen mabul, ya juya akalar baya. Jikin ɗan sumul kamar mai barci, uwar yarinya ce da ta fi ɗanta ƙuruciya, fuskarta a natse, hannunta na hagu kawai ta buɗe. Ita ce ta fi kowace suna a duniya, tana cocin Saint Peter a bayan gilashi tun da wani ya far mata da guduma a 1972. Shi da kansa bai tsaya nan ba. Wadda yake sara har kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa a 1564, wadda ke Milan yanzu, jikkuna biyu ne sirara da suka narke cikin juna, ba a san wa ke tallafe da wa ba.

Guduma, da amsar da aka ba ta

Bayan Martin Luther ya fara ƙalubalantar cocin Katolika a 1517, tsohuwar tambayar ta dawo da ƙarfi. Shi Luther bai damu ƙwarai da hotuna ba, amma Zwingli a Zurich ya sa an kwashe su daga coci-coci a 1524, Calvin ma ya ƙi su. A 1566 gungun jama'a suka bi coci-cocin ƙasar Holan da Beljiyam ta yau suna farfasawa. Daga wannan reshe na Furotesta ne mishan irin su SIM da SUM suka fito, waɗanda suka iso ƙasarmu a 1893 da 1904, kuma shi ya sa gicciyen majami'unsu ba kowa a kai.

Cocin Katolika ya amsa a taron Trent, a zamansa na ƙarshe cikin Disambar 1563: siffofi za su zauna, amma ban da batsa, ban da abin da ba a saba ba sai da izinin bishop. Aka rage wasu abubuwa, kamar nuna Maryamu ta suma a gindin gicciye. Amma motsa zuciya, wannan aka ƙara masa wuta, domin shi ne makamin jawo mutane.

Bernini ya nuna iyakar abin da dutse zai iya tsakanin 1647 da 1652, a cocin Santa Maria della Vittoria a Rum. Waliyyiya Teresa ta Avila ta rubuta cewa mala'ika ya soki zuciyarta da mashin zinariya, ta ji zafi da daɗi a haɗe. Bernini ya sassaƙa ta kwance kan gajimare, kai a baya, ido a lumshe, ƙafa ɗaya na lilo. Ya ɓoye taga a sama don haske ya sauko kan sandunan zinariya, ya kuma sassaƙa dangin Cornaro da suka biya kuɗin aikin a gefe biyu, zaune kamar 'yan kallon wasan kwaikwayo. Tun a wancan zamani akwai masu gunagunin cewa fuskar ta fi kama da wani abu daban.

Sifen ta bi wata hanya, kuma ita ce ta kai mu ga Macarena. A can katako ake sassaƙawa, sannan a miƙa wa mai fenti, wanda aikinsa suke kira da kalmar da ke nufin sanya tsoka. Gregorio Fernández na Valladolid, wanda ya rasu a 1636, ya shahara da siffar gawar Yesu a kwance. Ana yanke fuskar kamar murfi, a sa idanun gilashi ta ciki, a mayar. Haƙora na hauren giwa ko ƙashi, farce na ƙaho, bakin miki kuwa da ɓawon itace ake cika shi a shafa jan fenti don ya yi kamar jini ya daskare. Pedro de Mena ya ƙware a hawayen gilashi. Gashin ido na gaske ake liƙawa.

Yarjejeniyar da masassaƙi Martínez Montañés ya sa wa hannu a Sevilla a 1603 ta faɗi manufar ƙarara. Mai ba da aikin ya ce yana son Yesu da ransa, kai a sunkuye, yana kallon duk wanda ya durƙusa a ƙafafunsa kamar yana masa magana, yana masa ƙorafin cewa saboda shi yake shan wannan wahala. Wato an auna har inda idon katako zai sauka.

Macarena ta wannan gida ce. Kai da hannuwa kawai aka sassaƙa, sauran firam ne da ake yi wa sutura. Hawayen gilashi biyar ne a kumatunta. A daren wayewar Juma'ar da ake tuna gicciyewa, maza na shiga ƙarƙashin dandamalin da ya haura tan guda su ɗauke ta a wuya, su zaga gari har rana ta take, jama'a na yi mata kirari. Mutum ya ga wannan fuska a hannun kakarsa, ya gan ta ranar aurensa, hotonta na cikin walat ɗinsa. To, ka taɓa gashin idon, ka sauya yadda inuwa ke sauka a kan ƙwayar idon, ka sauya kallon. Cikin kwanaki aka sake taɓa fuskar aka rage gashin, daga baya 'yan ƙungiyar suka kaɗa ƙuri'a a miƙa ta ga wani gwani ya sake aikin.

Masu so da masu ƙi

Masu goyon baya na cewa addinin da ya ce Allah ya zama mutum ba zai ji kunyar hawaye ba, kuma wanda bai iya karatu ba yana da haƙƙin ya fahimta da zuciyarsa. Furotesta na cewa doka doka ce, kuma gicciye tsirara ya fi faɗin gaskiyar imaninsu, tunda sun ce ya tashi. 'Yan cocin gabas suna da nasu ƙorafin: hoto taga ce zuwa sama, idan ka cika shi da jini da tsoka ka toshe tagar. A cikin Katolika ma akwai masu cewa kukan kwana ɗaya a shekara ba tuba ba ne, kuma abin ya zama kasuwar 'yan yawon buɗe ido. Wannan na ƙarshen yana da ƙamshin gaskiya, don makon Ista babbar kaka ce ga masu otal a Sevilla. Sai dai waɗanda suka yi kuka a bakin coci a watan Yuni ba baƙi ba ne.

Da ta ƙetare teku

A Barazil, Aleijadinho, ɗan wani magini Bafotugale da baiwa 'yar Afirka, ya jagoranci sassaƙa mutum-mutumi 66 na katako a Congonhas tsakanin 1796 da 1799, duk da cutar da ta cinye masa yatsu. A masarautar Kongo, wadda sarkinta ya karɓi baftisma a 1491, maƙera sun riƙa zuba gicciyen tagulla da fuskar mutanen ƙasar, sarakuna na riƙe shi a matsayin alamar iko.

A Najeriya gwajin da ya fi shahara shi ne na Oye-Ekiti, inda limaman Katolika, cikinsu har da Fada Kevin Carroll, suka buɗe wurin sassaƙa a 1947 suka ɗauki masassaƙan Yarabawa irin su George Bandele da Lamidi Fakeye, wanda Musulmi ne. Suka fito da Maryamu goye da ɗanta, masu hikima uku da suka ziyarci Yesu yana jariri kuma da kambin sarakunan Yarabawa. Abin lura shi ne fuskokin a natse suke, domin sassaƙar Yarabawa tana ɗaukar sanyin fuska a matsayin alamar daraja. Kamar an koma farkon labarin ne ta wata ƙofa. An rufe wurin a 1954, kuma cikin dalilan akwai ƙorafin wasu masu bi da suka ga abin ya yi kama da gumakan da suka baro. Sun fi son farin mutum-mutumin filasta mai shuɗin mayafi da ake kawowa daga Turai, irin wanda masana'antun Faransa suka riƙa zubawa dubu-dubu a ƙarni na 19.

Bayan yaƙe-yaƙe

Ƙarni na 20 ya fitar da salon daga coci. An kashe Peter, ɗan wata masassaƙiya Bajamushiya mai suna Käthe Kollwitz, a watan Oktoban 1914, a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1937 ta ƙera wata 'yar ƙaramar siffa: tsohuwa a tsugune, gawar ɗanta a tsakanin gwiwoyinta, hannunta a baki. Ba Maryamu ba ce, ita ce. Tun 1993 babban kwafinta yana tsakiyar Berlin, ƙarƙashin wata ƙofa a rufi, ruwa da ƙanƙara na zuba a kansa, a matsayin abin tunawa da waɗanda yaƙi da zalunci suka ci. A Faransa kuwa, gicciyen tagulla da Germaine Richier ta yi wa cocin Assy a 1950, jiki kamar ƙonannen itace, fuska a shafe, bishop ya sa an ɗauke shi daga bagadi a 1951, duk da cewa majinyatan tarin fuka na yankin, waɗanda dominsu aka gina cocin, sun nuna suna sonsa. Sai bayan kusan shekara 20 ya koma wurinsa.

A 2024 hoton da ya lashe babbar gasar hotunan jarida ta duniya na Mohammed Salem ne na kamfanin Reuters, wanda ya ɗauka a wani asibiti a Khan Yunis cikin Oktoban 2023. Wata Bafalasɗiniya ce a durƙushe, da shuɗiyar riga da mayafi ruwan ɗorawa, ta rungume gawar 'yar ɗan'uwanta mai shekara biyar a cikin likkafani. Jaridun Turai suka sa masa suna Pietà ta Gaza. Matar ta kifa kanta a kan likkafanin, ko fuskarta ba a gani.